Kafireta Biyu a Kan Farantin Shayi

Shin da gaske bai san wadda ta fi ba, ranar da ya ajiye mini kafireta biyu a kan farantin shayi ya ce in zaɓa? Mutumin da ya ƙare rayuwarsa hannu cikin baƙin mai, tun yana yaron gareji a Kano har ya yi furfura a unguwar Dagenham ta London, shi ne zai tambayi matar da ko sunanta ba ta iya rubutawa? Tun da na fita takaba nake juya tambayar nan a raina, ban samu amsa ba. Mai amsar yana kwance a maƙabarta. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.

Ni ban yi boko ba. Maƙwabciyata ce take rubuta wannan, ni ina faɗa. Idan kuka ya ci ƙarfina sai ta ajiye biro ta jira ni.

Maigidana bakanike ne. Wani ma'aikacin gwamnati ya taho da shi London don ya riƙa tuƙa shi. Da mutumin ya koma gida, shi sai ya zauna, ya samu aiki a wani ƙaramin gareji, daga baya ya aika aka kawo ni. A nan muka haifi 'ya'yanmu, a nan muka aurar da su. Da ya yi ritaya, zaman gida bai karɓe shi ba ko kaɗan. Yana biye da ni har kicin, yana kwance abin da bai lalace ba don ya samu na gyarawa. Likita ya ce zuciyarsa tana son tafiyar ƙafa, ya riƙa zagaya park, wato lambun shaƙatawa, kullum. Wata Lahadi ya fita, bai dawo ba sai da tuwo ya huce, takalminsa duk taɓo.

"Amarya," ya ce, don haka yake kirana har muka yi jikoki, "yau na ga abin mamaki. Tsofaffi masu furfura irina sun jeru a bakin tafki suna tseren jiragen ruwa."

"Jirage a park?"

"Ƙanana, tsawonsu kamar daga kafaɗata zuwa yatsa. Amma da injin fetur na gaske, da fulogi, da farfela. Mutum yana tsaye a gaɓa yana tuƙi da rimot."

Na ce, "Allah ya kyauta. Tsufa ya mai da su yara."

Ya ce, "Ki haɗa da ni a addu'ar, don na riga na shiga ƙungiyarsu."

Daga ranar ɗan ɗakin katakon da ke bayan gidanmu ya koma gareji. Rariyar shayina ta ɓata, na same ta yana tace fetur da ita. Tsohon zanena ya zama tsumman goge hannu. Farantin da nake kai wa baƙi shayi ya cika da ƙananan notuna. Idan mun haɗu da mata a wajen suna, kowacce tana faɗin abin da mijinta yake yi da fanshonsa, wannan ya tafi Umra, wancan yana gini a gida. In aka zo kaina sai in ce, "Yana nan yana 'yan gyare-gyare." Kunya nake ji in ce wasan jirgi yake yi.

Wata rana ya kira ni ɗakin katakon, ya ɗora mini wani ɗan ƙarfe a tafin hannu, bai fi akwatin ashana ba, da rami a tsakiya.

"Wannan ita ce kafireta," in ji shi. "Ita ce mai girkin inji. Aikinta dama fetur da iska, kamar yadda kike dama koko. In gasara ta yi yawa, ya yi kauri ya shaƙe mutum. In ruwa ya yi yawa, a sha a tashi da yunwa. Inji ma haka yake, sai dai shi yunwa ƙona shi take yi."

Ya nuna mini wasu 'yan sukurori biyu a gefenta, allurai yake ce musu. Ɗaya ta tafiyar sannu, ɗaya ta gudu. Da sukudireba ake murɗa su, kaɗan-kaɗan, kamar kaurin farce. Na tambaye shi yadda ake gane an yi daidai. Ya nuna kunnensa. Na mayar masa da abarsa na koma wajen miyata, ban san zancen zai shafe ni ba.

Kunnen nan shi ne ya fara barinsa. Tun yana ƙara sautin talabijin har maƙwabta suna buga bango. Asibiti suka ba shi abin ji na sawa a kunne, yana yi masa amfani a cikin gida, amma kusa da inji sai ya riƙa yi masa fito mai huda kai, dole ya cire ya jefa aljihu. Bai taɓa gaya mini hakan yana damunsa ba.

Rannan ina wanke-wanke, taga a buɗe, shi kuma ya tayar da inji a bayan gida. Na ji sautin yana ta sirancewa, yana hawa sama, kamar jaririn da ya yi kuka har muryarsa ta bushe. Can sai ya yanke. Jim kaɗan maigida ya shigo ya zauna a kujerar kicin, hannunsa riƙe da wani ƙarfe da ya yi baƙi. Injin ya ƙone.

Na ce, "Ai tun ɗazu yake ihu, na ɗauka kana jinsa."

Ya sa abin kunnensa ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "Yaya ihun yake?" Na matse murya na kwaikwaya masa. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ƙura wa ƙarfen ido.

"Ni ban ji komai ba, Amarya."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Na goge hannuna a zani na ce, "To ni ina ji."

Da ya gyara injin sai ya fara koya mini. Zai rufe allura da gangan ya ce wannan ita ce yunwa. Zai buɗe ta sosai, injin ya riƙa ɓurɓura yana hayaƙi kamar mai magana da lomar tuwo a baki, ya ce wannan ƙoshi ne. Daidai tana tsakani, murya garau amma da ɗan kauri a ƙasanta. Ban daɗe ba na gane su. Wadda take sanin mai ya yi zafi daga ƙarar ƙosan farko, wannan ba zai gagare ta ba. Abin da ya rage shi ne yadda zan gaya masa, tunda ko na yi ihu ba ji zai yi ba. Muka shirya zan ɗora hannu a kafaɗarsa. In na matsa, ya ƙara mai. In na bubbuga, ya rage. In na ɗaga hannuna, ya bar ta haka.

A bayan gida wannan ba komai ba ne. A bakin tafki ne ya zama aiki. Mu yadda aka tarbiyyantar da mu, mace ba ta taɓa mijinta a gaban mutane. Ko a hanya ba ma jerawa, yana gaba ina baya, kuma har ya koma ga Allah ban taɓa kama sunansa ba. Ranar farko da ya kai ni tafkin, na tsaya can nesa cikin kwat da mayafi ina yi masa alama da hannu. Bai gane ba, ya murɗa inda bai kamata ba, jirgin ya mutu ko gaɓa bai bari ba.

A cikin ƙungiyar akwai wani ɗan Gana, tsohon direban tasi, haifaffen zangon Kumasi. Shi da maigidana ne kaɗai baƙar fata a wurin, kuma sun zama aminai. Hausarsa irin tasu ce, mace da namiji duk "ka" ne. Ya ɗago murya daga inda yake tsugune:

"Hajiya, ka matso kusa mana! Mijinka ne fa, ba mijin wani ba. Turawan nan a bakin titi suke rungume juna, wa zai kalle ka?"

Na ce, "Ni ba Baturiya ba ce."

"To tsaya nan, shi kuma ya ƙona wani inji, ku koma gida da kunyarku cikin leda."

Na matsa. Amma sai da na naɗe hannuna da gefen mayafi kafin na ɗora a kafaɗarsa, fuskata tana kallon wani wuri. Haka muka riƙa yi duk Lahadi. Tsofaffin Turawan suka saba da ni. Akwai wani dogo mai rawar kai da kullum yake kawo mini kujerar naɗewa, ya zuba mini shayi daga fulas ɗinsa, shayin da ba ya jin sukari, ina sha don kada ya ji babu daɗi.

A ƙarshen lokacin zafi suke yin babban tserensu na shekara. Akan jera wasu ƙwallayen roba masu launin lemo a kan ruwa, jirage su yi ta zagaya su har a busa usur. Jirgin da ya mutu a tsakiyar ruwa nan zai zauna, sai an gama sannan a shiga kwalekwale a ɗauko shi. Na maigidana bai taɓa kai ƙarshe ba. Kowace shekara a kwanar can ta nesa yake mutuwa. Sai ya tsaya da rimot rataye a wuya, hannu a sake, yana kallon na mutane suna wuce nasa. A mota ba ya cewa uffan har gida.

A shekarar da nake ba da labari, likita ya ce zuciyar ta ƙara rauni. Babbar 'yarmu ta zo ta zaunar da shi, yana yi mata Hausa tana amsawa da Turanci kamar yadda ta saba, ta ce tsayuwa a sanyin bakin ruwa ta ƙare. Ya ce ya ji, amma a bar shi ya yi babban tseren nan, daga shi ya rataye rimot. Duka mun san shi ne na ƙarshe.

Kafireta biyu yake da su. Babbar, mai faɗin maƙogwaro, oda ya yi aka aiko masa da ita, kuma da ita yake shiga tsere duk shekarun nan. Yana ji da ita. Ƙaramar kuwa a jikin wani tsohon injin aske shinge ya cire ta, wanda maƙwabcinmu ya fitar zai zubar. Ana saura mako guda muka je tafkin ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ni ina bin sautin daga gaɓa.

Babbar, in jirgi ya miƙe, waƙa take yi. Sai ya ɗaga hanci ya riƙa feshin ruwa a bayansa kamar jelar zakara. Ni da nake raina wasan, sai da tsikar jikina ta tashi. Amma duk sanda ya sassauta a kwana ya sake ba da wuta, sai in ji wata 'yar sarƙewa, kamar mutum ya ƙware da ruwa. Wani lokacin ya farfaɗo, wani lokacin ya tafi ke nan. Mun murɗa allurar sannu gaba, mun murɗa baya, sarƙewar ta ragu amma ba ta fita ba. Ƙaramar ba ta da wannan waƙar. Muryarta ɗaya ce daga farko har ƙarshe, kamar mace tana niƙa ba ta sauri. Ba ta sarƙe ko sau ɗaya ba. Sai dai jirgin ɗan Gana ya wuce namu kamar a tsaye yake.

Da muka dawo gida bayan la'asar, ɗan Gana ya biyo mu shan shayi. Maigida ya shigo da faranti, ya ajiye a gabana, kafiretocin biyu suna kai.

Ɗan Gana ya ce, "Alhaji, wannan har abin tambaya ne? Babban nan shi ne na maza. Ƙaramin nan na aski ne. So kake agwagin tafki su wuce ka?"

Maigida ya ce, "Kai naka sau nawa aka ɗauko shi a kwalekwale?"

"Amma kafin shi mutu, a gaba yake!"

Suka yi dariya. Sannan ya juyo gare ni. "Amarya, ke kika ji su, ni ganinsu kawai na yi. Zaɓi."

Na ce, "In aka sa ƙaramar, za ka ci?"

"A'a."

"Babbar fa?"

"In ba ta mutu ba, wataƙila."

Na san yana son ya ci. Na sha ganin yadda yake satar kallon ɗan kofin da ake ba wanda ya zo na ɗaya. Ba wani kofi ba ne, ko ruwan alwala ba zai ɗauka ba, amma yana so. Ni kuwa abin da yake idona shi ne bayansa, yadda yake rusunawa idan jirgin ya tsaya cak a tsakiyar ruwa. Ban so wannan ya zama tsayuwarsa ta ƙarshe a wurin ba. Na sa yatsa na tura masa ƙaramar.

Ɗan Gana ya dafe kai. Maigida ya naɗe babbar a tsumma ya sa a gwangwani, ya fita. Abincin dare kaɗan ya taɓa. Da safe na same shi na ce idan ransa bai so ba a canza, ni me na sani. Ya ce, "An riga an ɗaura."

Ranar tseren gari ya tashi da hadari, ga wani sanyi da bai kamata a ce ya iso ba tukuna. Ya taɓa gaya mini iskar sanyi tana sa inji yunwa. Kowa ya tayar da nasa a gaɓa, wurin ya ruɗe da ƙara, sai da na sunkuya na rufe ido kafin na tsinto muryar namu a cikinsu. Yunwa yake ji, kaɗan. Na matsa kafaɗarsa, ya buɗe allurar gudu. Na sake matsawa, ya ƙara. Muryar ta zauna. Da na ɗaga hannuna ne na lura ban naɗe shi da mayafi ba, kuma na lura ƙashi na taɓa. Kullum ina tare da mutumin nan, amma ban san ya rame haka ba sai a lokacin. Dogon Baturen nan ya ɗauki jirgin ya sake shi a ruwa. Na mayar da hannuna kafaɗar, ban sake ɗagawa ba.

Namu ne na baya tun daga farko. Na ɗan Gana yana can gaba, mai shi yana tsalle yana kirari da wani yare da ban sani ba. Ba a jima ba ya mutu, a kwanar nan ta nesa, kirarin ya koma salati. Wani ma ya mutu, wani ya kife. Namu yana ta zagayensa. Duk sanda ya nufi kwanar sai in riƙe numfashi ina karanta abin da ya zo bakina, in ji ya sassauta, in ji ya sake ɗauka, babu sarƙewa. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, ni dai na ji usur.

Ya juyo da jirgin ya kawo shi gaɓa da kansa, har gaban takalminsa, injin yana numfashi. A cikin waɗanda suka kai ƙarshe shi ne na ƙarshe. Tsofaffin nan suka ajiye rimot suka yi ta tafi, don duk sun san shekarun da ya yi yana jiran kwalekwale. Ya zauna a kujerata, ya laluba aljihu ya sa abin kunnensa.

"Tafi suke yi?"

Na ce, "Kai suke yi wa."

Ya goge ido da bayan hannu, sannan ya ce, "Da babbar ce, da yanzu kofi yana hannuna."

Ɗan Gana, wanda ya dawo da jirginsa yana ɗigar ruwa, ya ce, "Da babban ne, da yanzu muna kwalekwale ɗaya ni da kai. Hajiya, ka kashe mana maza!"

A mota ranar nan bai yi shiru ba. Tun daga park har ƙofar gida yake ba ni labarin tseren, kamar ba a gefensa nake tsaye ba.

Na gode wa Allah da ya nuna mini wannan rana. Na gode wa maigidana da ya jawo ni cikin wasansa ina raina shi. Shekarun da muka yi a baya, shi yana gareji ni ina gida da yara, mun zauna lafiya, amma ban taɓa sanin akwai abin da zai buƙata a wurina bayan abinci da wanki da addu'a ba. Sai a ƙarshe, a kan abin wasa. Da kunnensa bai mutu ba, da ban san wannan ba, kuma duk da haka ba na cewa gara da kunnen ya mutu, don na ga abin da rashin jin ya yi masa.

Cikin hunturun nan aka kwantar da shi a asibiti, bai fito ba. Ɗan Gana yana cikin waɗanda suka yi masa wanka, kuma ya ɗauki makara yana kuka kamar ƙaramin yaro. Tsofaffin Turawan suka zo gaisuwa. Suka tuɓe takalma a bakin ƙofa don sun ga kowa ya tuɓe, suka zauna a ƙasa da ƙyar, gwiwoyi suna ƙara, ba su san abin da ake cewa ba. Dogon ya kawo furanni, ni ma ban san yadda ake yi da su ba, sai 'yata ta karɓa. Allah ya saka musu. Yanzu in zafi ya zo, wata Lahadin 'yata takan kai ni tafkin in zauna. Ɗan Gana zai tayar da injinsa ya waiwayo, ni kuma daga kujerata in dunƙule hannu ko in kaɗa shi a iska, ya gane ko mai zai ƙara ko ragewa zai yi. Wani lokacin ba na iya zama, sai in ce a mai da ni gida.

Ranar ƙarshe da na ga maigida a asibiti, da rana ne. Na kai masa kunun gyaɗa, ya kurɓi kaɗan ya ce ya isa. Ya yini yana barci yana farkawa, robar iska a hancinsa. Wajen la'asar 'yarmu ta ce in zo ta kai ni gida in huta, gobe da sassafe mu dawo. Goben ba mu same shi ba. Har na ɗauki fulas ɗina, sai ya ɗaga yatsa ya kira ni. Na sunkuya. Muryar ta yi ƙasa sosai, amma bakinsa da murmushi.

"Amarya, in zafi ya dawo, babbar za mu ɗaura. Wannan karon ni zan zaɓa."